Kwanon Sarki Ba Gammo

A bakin wani tsohon tafkin kuza a Naraguta Jabir ya fara ganin Ummusalma. Ya kafa sanduna ya rataye kwanon sarki arba'in, irin wanda leburori ke ɗibar ƙasa da shi, cikin kowanne ya zana fuskar lebura da gawayi. A tsakiya ya girke ƙaton sikeli, ya yi masa haƙora.

"Malam, wannan bola ce ko shanya?" in ji ta.

"Hoton kasuwa ne. Masu haƙa suna ramewa, mai awo yana ƙiba."

"To, mai awon babana ne."

Mai kunya da shiru zai yi. Shi kuwa lambar waya ya nema. Yaran yanzu ke nan!

Kafin wata uku saƙo ya yi ta kai-kawo. "Ummita, yau sau bakwai na zana idonki, ban samo shi ba." Ta mayar masa: "Mai gawayina, ka dai wanke hannu kafin ka zo zance. Jiya ka ɓata wa Mama labule."

Mahaifinta, Alhaji Labaran, dillalin kuza ne a Titin Bauchi, kuma ya riga ya kwaɗaita mata Yinka, ɗan amininsa mai shagunan waya. Da ya ji zancen Jabir ya ce, "Wanda ya sa wa sikelina haƙora ba zai sha ruwan gidana ba, balle ya ɗauki 'yata."

Ummusalma ta durƙusa. "Baba, ka je ka ga aikin nasa da idonka. In ka ce a'a bayan nan, na haƙura."

Ran Asabar da hantsi ya je, da niyyar ya sa a rushe. Ya zagaya kwanukan, ya ga duk fuskokin da aka zana ba mai gammo a ka, can ya juyo wajen Jabir.

"Kai, wa ya ce maka ana ɗaukar kwano ba gammo?"

Alhaji ya tuɓe hula ya nuna masa tabon tsakiyar kansa.

"Shekara tara na yi ina hawan ramin nan da kwano a ka, kafin in taɓa sikeli. Kana fushi a madadin mutane, ba ka san ciwon wuyansu ba. Je ka ɗauka tare da su kwana bakwai, sannan ka same ni."

Ran kwana uku Jabir ya rubuto: "Ummita, wuyana ya ƙi juyawa."

"Madalla. Gabanka kawai za ka kalla, kuma ni ce a wurin."

Ran kwana bakwai ya zo gaban Alhaji, hannuwa duk sun yi bororo.

"To, za ka cire haƙoran?"

"A'a, Baba. Yanzu ma na ga sun yi ƙanana."

Ummusalma tana bayan ƙofa ta dafe ƙirji. Alhaji ya dubi hannuwan Jabir.

"Da ka ce za ka cire, da na kore ka, don mai sayar da gaskiyarsa zai iya sayar da 'yata. Turo magabatanka."

Aka ɗaura aure a unguwar Congo-Russia bayan sallar Juma'a. Leburorin rami suka cika layi, Musulmi da Kirista, Alhaji ya ce su za a fara ba abinci kafin manyan baƙi. Manyan suka ɓata rai, amma suka jira.

Allah ya ba su zaman lafiya, ya ba su 'ya'ya masu jin magana fiye da ubansu.