Gorar Gero ta Kaka

Wata yarinya ce ƴar kolej a Maradi, mai rawar kai. Ba ta iya ganin abu a rufe ta ƙyale shi. Ran Asabar ta je Jiratawa wurin kakarta.

Kaka ta tafi lambu tsinkar zogale. Yarinya ta hango wata gora rataye a ɗaki. Ta sauke, ta ga ɗan gero gauraye da toka. Ta wanke shi tas, ta daka, ta dama kunu, tana jiran yabo.

Da Kaka ta dawo ta ga gora a ƙasa, sai ta zauna daɓas.

"Ɗiyata, mi kika yi? Iri ne hwa! Na uwata ne. Kowace damina sai in shuka, in maida sabo."

"Kaka, ai ɗan kaɗan ne."

"Shekarar yunwa, ubanki na ƙarami, wata uku muna cin tafasa da dussa, sau ɗaya a yini. Gorar ga na rataye bisa kanmu."

"Kuna kallon gero kuka ƙi ci?"

"In mun ci, mi za mu shuka?"

Yarinya ta tuna kalmar da malaminsu na Ingilishi, Mushe Idirisa, wato Malam Idirisa, ya koya musu: subsist. Ya ce ana faɗarta ga mai rayuwa da ɗan abin da zai riƙe rai kawai, ba ƙoshi. A aji haddacewa kawai ta yi. Yau ta dubi siraran hannuwan Kaka, mamaki ya cika ta, ta fashe da kuka.

Can Kaka ta tuna ta taɓa ba ƙawarta Tasalla cikin tafi guda na irin nan. Washegari suka tafi Tibiri.

Tasalla ta ji labari, ta yi dariya, ta buɗe rumbu. Damman gero ne har sama!

"Duk wanga jikan tafin nan ne," in ji ta. "Shekara talatin yana ci da gidan ga. Miƙo gorarki."

Yarinya ta koyi cewa abu kaɗan ba abin rainawa ba ne, kuma a tambaya kafin a taɓa kayan manya. Ita ta rungumo gorar har Jiratawa, ko Kaka ba ta bari ta riƙe ba.