Muryar Yaya a Bayan Duwatsu

Aikin ranar bai taka kara ya karya ba. Magunguna za a kai wani ƙaramin asibiti a bayan duwatsu, a ɗauko nas ɗin da ta gama makonta a can, a dawo kafin duhu. Matuƙin ya sha yin wannan tafiya da jirginsa mai saukar ungulu. A wurin aiki Kyaftin ake ce masa. A gida kuwa Auta ne, ko da yake furfura ta fara leƙowa a gemunsa.

Yayansa ne ya koya masa tuƙi. Yakan bugi gwiwarsa ya ce, "Bar kallon agogo kamar mai jiran a tashi aiki. Inji yana magana tun kafin fitila ta kama." Bara, da yamma irin wannan, jirgin Yaya ya faɗa ruwan wata tsohuwar mahaƙar dutse, ya rasu ya bar matarsa da 'ya'ya. Tun daga nan Auta yake kewaye wajen, komai man da zai ci.

Yau hadari ya tare hanyar kewayen, baƙi ƙirin. Dole ya miƙe ta saman mahaƙar.

Nas tana kujerar gefe, jaka a cinya, tana gyangyaɗi. Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa. Farfela tana yankan iska da kiɗanta na kullum. Agogon mai daidai, agogon zafi daidai.

Sai abin da ya sa a kunne ya yi shuu, kamar an buɗe layi.

"Auta."

Ya danna rediyo. "Wa ke kan layi?"

Daga ofis aka amsa, "Kai kaɗai ne, Kyaftin. Lafiya?"

"Lafiya," in ji shi.

Aka yi ɗan tari, irin wanda Yaya kan yi kafin ya faɗi magana mai nauyi.

"Auta, bar kallon agogo. Saurara."

Ƙamshin turaren Yaya ya cika jirgin. A ƙarƙashinsa kuma akwai wani wari, na ruwan da ya daɗe a kwance.

Ya saurara. Can cikin rugugin inji akwai wani siririn kuka, kamar sauro a bakin kunne. Bai kamata a ce yana nan ba. Ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙafafunsa ya fara kakkarwa. Sai allurar agogon mai ta soma sauka a hankali, ta zafi tana hawa. Ƙaurin mai ya shigo. Daga baya fitilar gargaɗi ta kama.

Da ƙyar ya ce, "Yaya?"

"Na'am. Boris ɗin cikin inji ne ya ci. Ba zai kai ka gida ba. Rage gudu, ka yi ƙasa."

Ya rage, ya yi ƙasa. Hawaye suna bin kumatunsa, ba shi da hannun share su. Shekara guda yana roƙon ko a mafarki ya ji wannan muryar.

Nas ta buɗe ido. "Kyaftin, da wa kake magana?"

"Ƙara ɗaure bel ɗinki, Sista."

Wani abu ya buga a bayansu, gum. Hancin jirgin ya fizga hagu. Ƙararrawa ta ɗauki kuka. Rugugin da ya cika musu kunne tun tashinsu ya mutu, sai fito na iska.

Hannunsa ya riga tunaninsa. Ya danne liba, sandar hawa da sauka, ya kai ta ƙasa don iska ta ci gaba da juya farfela, ya daidaita hanci. Jirgin ya fara zurarewa. Sau ɗaya ake irin wannan saukar, babu gyara.

"Madalla, haka na koya maka. Dama kaɗan. Ga fili nan."

Akwai fili kuwa. Shimfiɗaɗɗe, fari tas, babu ko itace ɗaya. A tsakiyarsa mutum yana tsaye da rigar aiki mai ƙyalli, hannu biyu sama, ya karkatar da kai gefe guda. Tsayuwar Yaya ce.

Nas ta kama hannun rigarsa. Muryarta can ƙasa. "Kyaftin, ruwa ne."

"Fili ne."

"Wallahi ruwa ne. Baƙin ruwa."

"Kada ka kula ta," in ji muryar. "Taho. Na daɗe ina jiranka."

Nan ya tuna ranar da masu bincike suka kunna masa maganar Yaya ta ƙarshe a rediyo. Kowa ya ce ruɗewa ce, mai fuskantar mutuwa yakan kira uwarsa. Amma babu ruɗewa a muryar. A natse ya faɗa, kamar yaron da aka kira daga tsakar gida: "To, Inna. Ga ni nan."

Inna ta rasu tun suna samari.

Yaya ba kiran ta ya yi ba. Amsa mata ya yi.

Auta ya sake duban mutumin. Iska tana kaɗa bishiyoyin gefe. Rigarsa ba ta motsi.

Ya nemi tsari da Allah.

Filin ya yamutse. Ya yi baƙi. Igiyar ruwa ta bazu daga inda mutumin yake tsaye.

Ya murɗa hagu da duk ƙarfinsa. A bakin mahaƙar akwai ɗan fili mai tsakuwa, bai fi tsakar gida ba. Ya ɗaga hanci. Ya ja liba.

Wutsiya ta daki ƙasa. Ƙafar jirgin ta karye. Gilashi ya tarwatse.

Jirgin ya ja ciki a kan tsakuwa, ya ja, sannan ya tsaya.

Ta ƙofarsa, da ya miƙa hannu da ya taɓa iskar da ke saman ramin.

Ya kashe mai, ya kashe batir, ya kashe rediyo. Babu sauran wuta a jirgin.

"Auta."

Yanzu kuka muryar take.

"Akwai sanyi a nan. Tafiya za ka yi ka bar ni?"

Ya san ba Yaya ba ne. Duk da haka hannunsa ya kai ga marfin ƙofa.

Nas ta fizge abin kunnen daga kansa ta wurga ta fasasshen gilashi. Ta damƙe wuyan hannunsa, jini na bin goshinta, ba ta sake shi ba har fitilun masu ceto suka bayyana. Ita ba ta ji komai ba, in ji ta, sai kukansa.

Da bakanike ya kwance injin, ya tarar boris ya niƙe ya zama gari. Ya ce da Kyaftin bai yi ƙasa da wuri ba, da a kan duwatsu injin zai mutu musu. Abin da ya fi cin Auta ke nan: a kan inji, muryar ba ta yi masa ƙarya ba.

Bai ƙara tashi da yamma ba. Labarin kuma mutum ɗaya ya ba wa, matar yayansa. Ya same ta a falo tana ninke kayan makarantar yara, ya zauna a bakin kujera ya faɗa mata duka. Ba ta katse shi ba.

Da ya gama ta ce, "Ya tambayi yara?"

Ya girgiza kai.

"Ni fa?"

Ya sunkuyar da kai.

"To ba shi ba ne," in ji ta. Ta ɗauki wata ƙaramar riga ta ninke, ta warware, ta sake ninkewa. "Na san ba shi ba ne."

Yara suna wasa a waje. Ta saurare su na ɗan lokaci.

"Auta, na fara manta muryarsa. Jiya na kwana ina nema, ban same ta ba." Ta ɗago ido ta dube shi. "Ka kai ni wajen. Ba zan matsa kusa da ruwan ba."