Sifirin Jar Motar Awalu

Ƙafafunta ya fara gani. Wahabu yana kwance ƙarƙashin wata babbar mota a garejin ubangidansa Masa Musah (Masa, wato Masta, laƙabin gwanin makanike) da ke unguwar Tafo, sai ga ƙafafu jajir da lalle sun tsaya daidai kansa.

"Sannu da aiki. Wane ne Wahabu? Gwaggo Mamuna mai abinci ta ce in kawo masa wake da shinkafarsa."

Ya zabura zai fito, goshinsa ya daki ƙarfe, ƙwal! Ta rufe baki da mayafi tana dariya. Sunanta Batulu, 'yar Alhaji Seini dillalin shanu na unguwar Alabar. Daga ranar bawan Allah nan ya zama mai cin abinci sau uku kafin azahar.

"Kai ba ka ƙoshi ne?" ta tambaye shi wata rana.

"Da ganinki? A'a, hasken idona."

"Ji shi! Wanke hannunka tukuna, Masa nawa."

Amma da Masa Musah ya je nema wa Wahabu aurenta, Alhaji ko tabarma bai sa an shimfiɗa ba. Ya ce ba zai ba da 'yarsa ga mai kwanciya ƙarƙashin motocin mutane ba. Shi Awalu yake so, ɗan amininsa mai fataucin goro.

To, shi Awalun nan ya sayi wata jar mota mai kujera biyu a hannun wani Bature da ya koma ƙasarsu bayan an sami 'yanci. Motar tsere ce, amma Awalu huhun goro yake ɗaura mata a baya, har ta riƙa tafiya tana jan gindi. Don wulaƙanci kuma, wurin Wahabu ya kawo ta gyara.

Wahabu ya haɗiye fushi, ya ɗaga ta da jak.

"Babban ganyen sifirin na baya, ƙarfen da ke ɗauke da nauyin motar, ya tsage. Shoka masu hana ta tsalle duka sun tsiyaye. Zan sa sababbi masu ƙarfi, amma sai an kawo daga Accra. Kwana goma."

"Kwana goma? Ran Litinin zan kai Alhaji kasuwar shanu a Ejura. A hanya za mu gama maganar Batulu."

"Motar nan ba za ta sauka gangaren Mampong da ke kan hanyar lafiya ba."

"Baƙin ciki ne kawai!" Awalu ya ja motarsa, ya kai wa wani maƙeri ya liƙe tsagin da walda, ya shafe da baƙin fenti.

Washegari Gwaggo Mamuna ta miƙo masa abinci, da 'yar takarda a ƙarƙashin ganyen da aka ƙunshe abincin.

"Wahabu, na ji kai ne kake gyara motar da za a tafi a raba ni da kai. Ashe haka nake a wurinka? Kada ka sake aiko mini da komai. Batulu."

Nan take ya nemi takarda. Ya rubuta: "Hasken idona, ban gyara ba, kuma tsoro nake ji. Ki hana Baba shiga motar nan." Takardar ta dawo a naɗe yadda ta tafi.

Yaya zai yi? In ya yi magana a ce kishi ne, Alhaji ya ƙara tsanarsa. In ya yi shiru, tsohon zai sauka gangaren nan a kan ƙarfe mai tsagi.

Litinin da hantsi ya isa Alabar da gudu, ya tarar Alhaji ya riga ya tattare babbar riga ya zauna a motar. Injin na ruri. Wahabu ya tsaya a gaban motar, ya dafa ta da hannu biyu.

"Kauce ko in take ka!" in ji Awalu.

Mutane suka taru. Batulu ta leƙo daga zaure, idonta jawur.

"Kai, marar kunya," Alhaji ya daka tsawa, "har ƙofar gidana?"

Wahabu ya dube shi. "Baba, ka kore ni bayan wannan, na yarda. Amma ka taɓa sayen bijimi ba ka danna bayansa ba? Fito ka danna nan."

Alhaji ya sauko, ya dafa bayan motar da tafin hannu, ya danna yadda yake yi wa shanu, ya saki. Motar ta yi sama, ta yi ƙasa, ta sake, ta sake, kamar gadon ƙarfe.

"Mai lafiya sau ɗaya take tashi ta tsaya," Wahabu ya ce. Ya durƙusa ya kankare fentin da wuƙa. Ga tsagi nan ya sake buɗewa a gefen waldar, farce na shiga.

Alhaji ya tsuguna ya duba tsagin. A kasuwar shanu, wanda ya shafa wa gyambon dabba laka don ya sayar, ba ya sake zama inuwa ɗaya da dillalai. Ya juya.

"Awalu, ka san da wannan?"

"Baba, ai an liƙe..."

"Na ce ka sani?"

Awalu ya sunkuyar da kai.

"Ka sani, ka shafe, ka buɗe mini ƙofa." Ya kakkaɓe rigarsa, ya dubi Wahabu daga sama har ƙasa. "Kai kuma, na zage ka, me ya kawo ka?"

"Kai ka haifi Batulu, Baba."

Batulu ta fashe da kuka a zaure. Alhaji ya yi gyaran murya har sau biyu.

"Ka ce wa Musah ya dawo. Ya zo da manya."

Bayan Babbar Sallah aka ɗaura aure, Zango, unguwar Hausawa, ya cika maƙil, aka ci aka sha. Da aka kawo amarya, ta ɗaga lulluɓi kaɗan.

"Ka yafe mini takardar nan, Masa nawa. Na yi kuka bayan na mayar da ita."

"Na yafe tun kafin ta iso, hasken idona."

A waje muryar Alhaji ce ta fi ta kowa tashi: "Na ba shi 'yata da zuciya ɗaya. Allah ya ba su zaman lafiya, ya kawo zuri'a ta gari."

Jama'a suka amsa, amin.