Wanda Ya Ɗauki Gimbiya

Tsakuwa ta farko ta faɗo kan kwanon ɗakin girki ana idar da sallar magariba. Injiniya yana zaune a tsakar gida da kofin shayi, kwana na uku ke nan yana sha ba tare da ya tsamo gashin kyanwa a ciki ba. Ta biyu ta biyo baya, ta gangaro a hankali har bakin indararo, ta ɗan tsaya, sannan ta faɗo gaban ƙafarsa.

"Kwano ne yake hucewa," ya ce wa matarsa. "Ƙarfe in ya sha rana, da yamma sai ya yi ƙara."

"To," in ji ta. "Kwanon ne kuma yake haifar duwatsu?"

Ya ɗauki tsakuwar ya juya ta a tafin hannu. Shekara ashirin yana shimfiɗa bututun ruwa, ya san tsakuwa. Wannan ja ce mai ƙyalli, kuma wuri ɗaya ya san an jibge irinta: bayan wani tsohon sito a ƙarshen gari, inda ya ajiye wani kwali kwana uku da suka wuce. Ya sa ta a aljihu.

A cikin kwalin akwai Gimbiya, kyanwar 'yarsa Auta mai shekara goma sha huɗu. Wani abokin aikinsa ne ya bar musu ita da zai koma ƙasarsu. Irin kyanwoyin nan ne na wuraren sanyi da duwatsu, waɗanda ba wanda ya zauna ya haɗa irinsu, wurin ne ya ƙera abinsa. Ƙatuwa ce, gashinta hawa biyu, na sama mai santsi da ruwa ba ya ratsawa, na ƙasa kamar auduga. Gashi a kunne, gashi tsakanin yatsu, wutsiya kamar tsintsiya. Ba ta kuka irin na kyanwa, sai wani ɗan gurnani mai karkarwa, kamar mai tambaya. Tana son ruwa, tana son bisa. Da zafi ya shigo ta fara zubar da gashin ƙasan, Auta kuwa tana jarrabawa, ba mai taje ta. Gashi a gado, gashi a miya, gashi a baƙin wandon da Injiniya ya je taro da shi. Sai ya ɗauke ta da rana, gida ba kowa, ya ce musu wataƙila ta bi wani muzuru.

Auta ta zagaye unguwa tana kira, ba ta yi kuka ba. Jifa kuma ba a fasa ba. Kullum rana na faɗuwa sai a fara, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, kamar mai jifan ba shi da wani aikin. Daga baya aka soma jin gurnani cikin silin, yana bin mutum daga ɗaki zuwa ɗaki. Injiniya ya ce iska ce a bututu. Bututun gidan shi ya sa su da hannunsa, ya kuma san ba ko ɗaya a silin.

Yamma ta shida suka tarar da Auta a kan kabad, a durƙushe, kanta na taɓa rufi. Ba kujera kusa, ba tebur. Uwar ta kira ta, ta kalle su daga sama, ba alamar ta san su. Abinci ta daina ci. In an sauko da ita sai ta nufi baho ta tsoma hannu biyu cikin ruwa, ta yi ta kallonsa. Likita ya duba ta ya ce damuwa ce, Injiniya ya yi masa godiya fiye da yadda maganar ta cancanta. A mota, tsakuwoyin da yake tarawa sun cika gwangwanin madara.

"Baban Auta," matarsa ta ce, "na bar ka da iliminka kwana tara. Gobe Malam zai zo."

Malam ya zo bayan la'asar, tsoho siriri mai tabarau, wanda ya ga abubuwa da yawa har ya daina mamaki. Ya zauna kan tabarma, aka zaunar da yarinyar gabansa, ya yi ta karatu da murya ƙasa-ƙasa. Inuwar katanga ta cinye rabin tsakar gida kafin bakin Auta ya buɗe. Muryar da ta fito ta tsufa, tana da ƙura-ƙura, kamar an daɗe ba a yi amfani da ita ba.

"Ya isa, Malam. Ina jin ka."

"Wane ne kai?"

"Makiyayin kyanwoyin nan. Tun ba a san taga ba nake bin zuriyarsu. Sanyi ya saƙa musu riga, dutse ya wasa musu farce, ni ina kallo. An ɗauki tawa, na ɗauki tasa."

"Tasa wa?"

"Ya san kansa."

Malam bai waiwaya ba. Ya cire tabarau yana gogewa da gefen riga, a hankali, kamar yana da wuni guda. Injiniya ya duba 'yarsa, wuyanta ya rame, hannunta ya yi fari saboda ruwa. Yana da bayani uku a shirye, dukkansu na kimiyya. Ya ce, "Ni ne. Tana bayan tsohon sito."

Matarsa ta gyara wa Auta kallabi, ba ta dube shi ba. Da ta yi faɗa da ya fi sauƙi.

"To ka ji," Malam ya ce wa muryar. "Amma yarinya ba ta ɗauki kowa ba, zaluncinka ya fi nasa. Me kake so ka fita?"

"A dawo da ita kafin a kira isha'i. A taje ta kullum, safe da yamma."

"Mutanen nan suna da aiki. Sau biyu a mako, kullum lokacin zubar gashi."

Muryar ta yi gurnani. "Har ƙasa, ba sama-sama ba. Bayan kunne da hammata, nan yake cuɗewa. Kada a aske ta don zafi, rigar ce ke tare mata rana. Inuwa, ruwa mai sanyi a faffaɗan kwano, wuri mai bisa. Nama, ba madara ba, tana ɓata mata ciki."

"An yarda."

"Kuma shi zai riƙa tajewa."

"Wannan," in ji Malam, "ba zan yi maka ciniki a kai ba. Fita, kuma kada ka dawo."

Auta ta yi atishawa, jikinta ya saki, uwar ta tare ta. Can ta buɗe ido ta ce tana jin yunwa. Malam ya dubi sama, ya dubi Injiniya. "Da ni ne kai, da na tayar da mota."

Injiniya ya isa bayan siton rana ta yi ja. Gimbiya tana can ƙolin tarin tsakuwa, gashinta ya dunƙule, ƙaya duk a wutsiya, ta kwantar da kai kan ƙafafunta. Ya yi mata tsaki irin na kiran kaji, ba ta motsa ba. Ya gwada hawa, tsakuwa ta zame da shi har ƙasa. Daga nesa wani masallaci ya kira magariba, ya duba agogo, ya sake dubawa.

Ya waiga hagu, ya waiga dama, ya tabbatar ba mai jin sa. Sannan ya cire hula, ya gyara murya.

"Gimbiya," ya ce. "Don Allah, ranki ya daɗe."

Ta bar shi a tsaye har duhu ya fara rufe siton. Sannan ta miƙe, ta yi miƙa, ta sauko.