Birin da Ya Daina Mantuwa

Rana na gab da faɗuwa Narelle ta juya kan mota ta koma wurin aiki, don ta kasa tuna ko ta buɗe wa birai famfon ruwa. 'Yarta Tahlia na gida tana jiranta, amma ina za ta iya barin dabbobi da ƙishi?

Wurin yana bayan gari, cikin itatuwan turare. A nan ake gwada maganin mantuwar tsufa a kan tsofaffin birai. Aikin Narelle shi ne ta ɓoye busasshen inabi a ƙarƙashin kofi, ta ja labule, ta buɗe, ta ga ko biri zai tuna. Babbar dokar wurin kuwa, ba a kallon biri ido cikin ido.

Akwai wani tsohon biri, Baron, da bara ko kwanon abincinsa ba ya ganewa. Bana kuwa ba ya kuskure ko kaɗan. Likitoci sai washe baki suke, wai magani ya ci. Ita dai Narelle hankalinta bai kwanta ba. Ba a gaya wa ma'aikata birin da ke samun magani da wanda ake yi wa allurar ruwan gishiri zalla marar magani, don kada son zuciya ya shiga aikin. To amma Desmond mai haɗa allurai ya ja ta gefe ranar da ya ajiye aiki.

"Ke Narelle," ya ce a hankali, "Baron fa ruwan gishiri nake ɗura masa tun farko."

"Kai dai tsoho, giya ta fara taɓa maka kai."

"Yi dariyarki. Sau ɗaya na kalli idonsa. Jiya a ƙofar gidana na tsaya ina tambayar mutane hanyar gidana."

Wannan magana ce ta dawo mata da ta tura ƙofar ɗakin birai. Warin maganin goge ƙasa da na ruɓaɓɓiyar ayaba ya buge ta. Birai da suka saba cika ɗaki da ihu duk sun yi tsit, kowanne ya juya wa kejin Baron baya.

Famfo a buɗe yake. Ruwa na ɗiga, ɗis, ɗis.

Ta juya za ta fita, sai ta ji ana rera waƙa ƙasa-ƙasa. Waƙar da ta ƙirƙira da kanta ce tana lallashin Tahlia tun tana jaririya. Ba ta taɓa rera ta a wajen gida ba.

"Wane ne?" ta raɗa.

Waƙar ba ta tsaya ba. Daga kejin ƙarshe take fitowa.

Ta san doka sarai. Amma ta ɗaga kai.

Baron na zaune ya harɗe hannuwa, bakinsa a rufe. Abin da ke leƙowa ta idanun nan ba biri ba ne, kuma yunwa yake ji.

Ta ji ana zare mata abubuwa daga ka kamar zaren tsohuwar riga. Ƙamshin girkin mahaifiyarta ya tafi. Waƙar ma ta tafi.

Baron ya miƙo hannu.

Wayarta ta yi ƙara a aljihu. Ta ƙifta ido, ta yi baya, ta banke ƙofa da kafaɗa. Ba ta waiwaya ba har ta ga fitilun gari.

A gida yarinyar ta rugo ta rungume ta. "Mama, ina ta kiran wayarki!"

Narelle ta buɗe baki za ta kira sunanta. Ta san fuskar, ta san tabon da ke haɓarta, amma sunan babu. Ta ƙanƙame ta tana kuka.

Mijinta ya yi ta maimaita mata sunan, ya ƙi zama. Ba ta sake taka wurin aikin ba. Daga baya wata abokiyar aikinta ta zo gaishe ta, ta ce Baron ya ɓullo da sabon hali: da zarar an ce Tahlia, sai ya juyo yana murmushi.

"Suna mai daɗi," in ji Narelle. "Na wace ce?"