Masu Barci a Cikin Inji

Dare ya raba, mai gyaran wuta yana tsugune shi kaɗai a masana'anta, gaban akwatin da ke sarrafa gudun babban inji. Ya rage wa injin rawa, yana saita shi ya riƙa tsayawa da kansa in matsala ta taso. Sai ga wani dattijo a bayansa, ba ƙarar takalmi, numfashinsa sanyi ƙalau.

"Ɗana, kada ka koya masa tsayawa. In ya yi shiru, jikokina farkawa suke."

"Baba, umarnin manaja ne."

Nan take injin ya mutu. Mai gyaran ya danna maɓallin kunnawa, ya sake dannawa, allon akwatin bai nuna komai ba sai jar wuta. Daga cikin ƙarfen, kukan jarirai ya fara tashi.

Dattijon ya dafa kafaɗarsa. "To, sai ka zauna reno."