Fara da Baƙa

Tana cikin kwance murfin wata kwamfuta a shagonta wani mutum ya yi sallama, riƙe da littafi da biro kamar wanda ya zo ƙidayar kaya. Malamin lissafi ne, dogo, mai sanyin murya. Ya ce katin girafik yake nema, na'urar nan da ke fito da hoton wasa tar a allo, don tseren motocin da yake bugawa ya fara yi masa tsaye-tsaye.

Ta sauko masa da guda biyu, ɗaya fara ɗaya baƙa. "Farar ta fi gudu, amma tana zafi, tana kuma shan wuta. Baƙar ba ta kai ta ba, sai dai shiru take aikinta. Wacce za a naɗe maka?"

Ya dubi wannan, ya dubi waccan, ya saci kallonta, sannan ya ja layi a littafinsa. "Bari in yi nazari. Sai gobe."

Goben nan ta kai wata uku. Ya auna tsawonsu da rula, ya ƙirga fankokinsu, ya kara kunne ya saurari ƙararsu. Kullum sai ta rantse gobe ba za ta kula shi ba, kullum kuma sai ta tsinci kanta tana leƙen ƙofa da an tashi makaranta. Haushin kanta ya fi na kowa damunta. Ta laƙaba masa Sai Gobe, shi kuma ya koma kiranta Injiniyata, har magana ta kai ga zai zo ya gaida Baba ranar Asabar.

Ranar Alhamis wayar Baba ta faɗa ruwa. Ta ba shi tata ya riƙe kafin ta gyara, ta tafi shago. Da ta dawo da la'asar ta same shi a falo, tabarau a kan hanci, Umma ta yi tagumi a gefe.

"Zauna," in ji Baba. Ya ɗaga wayar ya karanta da ƙarfi:

"Injiniyata, har yanzu na kasa. Fara ta fi kyau, gaskiya raina yana wajenta, amma zafinta nake tsoro. Baƙa ba ta da hayaniya, za mu daɗe tare. Ke me kika gani?"

"Baba, wallahi..."

"Ban gama ba! Ga amsarki ta jiya: 'Ka ɗauki Baƙa kawai mu huta.' Mu huta! Wato ke ce ma mai ba shi shawara? Mutum yana jera 'ya'yan mutane yana aunawa, ke kina ta uku a layi? Kada ya tako mini gida."

Bayani uku ta yi, Baba ya ce ai dama kare shi za ta yi. Ta karɓi wayarta ta shiga ɗaki ta rubuta wa malamin:

"Ka kashe ni. Asabar ka zo da sassafe, ni zan kawo Fara da Baƙa. In ka ce sai gobe, ka nemi wata injiniyar."

Ranar Asabar malamin na shigowa falo, ta dire kwalaye biyu a kan tebur ta buɗe. Baba ya ɗaga farar, ya juya ta, ya hura fankar ta juya. Umma ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa.

Baba bai yi dariya ba. "To, ba mata ba ne. Amma wannan ma abin dubawa ne. Wata uku kana auna ƙarfe, yaro. Ita 'yar tawa da wa da wa ka auna ta?"

Ta hango littafin nan ya leƙo daga aljihun malamin. In ya zaro shi, ta san an gama.

Ya sunkuyar da kai. "Baba, ban taɓa gwada ta da kowa ba. Ban ma san ta inda zan fara ba."

Ita da ta zo da masifa fal cikinta, sai ga hawaye, ta rasa inda za ta sa fuskarta.

Baba ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. "Ka turo manyanka. Ranar kuma ni zan sa, in na bar maka sai na tsufa."

Bayan wata biyu aka ɗaura. Da za a tafi da ita ta durƙusa gabansa, ya dafa kanta.

"Kin ga mijin naki, haƙuri za ki yi ta yi da shi. Kai kuma ga ta nan, faɗa gare ta kamar ni. Allah Ya yi muku albarka, Ya zaunar da ku lafiya. Ku tashi ku tafi, kafin in fasa."